MUTUWA BA BAƘUWA BA CE A GARI, DON ME BA A YI MATA TANADI?

Abin da ke biye jawabi ne da wani malami ya gabatar ga taron matasa a harabar wata makarantar Islamiyya da ke garin Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ta ƙasar Gumel. 'Yan uwa sun halarta daga Gumel, Maigatari da Gagarawa, da garuruwan kusa irin su Jeke da Ɗanladi. Maudu'in shi ne haƙƙin majinyacin da ajali ya gabato masa, da haƙƙin mamaci, da na waɗanda ya bari, da abin da ya hau kan hukuma a kansu. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara da tambayar 'yan uwa, waye a cikinsu ya san ranar mutuwarsa? Wuri ya yi tsit. Sai ya sake tambaya, to waye a cikinsu yake shakkar cewa kafin ƙarshen watan nan za a ɗauki makara a ƙasar Gumel? Nan ma babu wanda ya ɗaga hannu. Ya ce to jigon maganar ke nan. Ajali ɓoyayye ne ga mutum ɗaya, amma ga gari ba ɓoyayye ba ne. Kowane dagaci ya san za a yi rasuwa a ƙasarsa bana, kamar yadda manomi ya san rani zai biyo bayan kaka. Manomin da bai cika rumbu ba, ba zai ce rani ya shammace shi ba. Haka hukumar da ba ta yi wa mutuwa tanadi ba, ba ta da bakin cewa ai ƙaddara ce.

Ya ce lallai 'yan uwa su bambance abu biyu. Mutuwa ƙaddara ce, babu mai jinkirta ta. Amma dattijo ya kwana arba'in yana kuka da ciwo babu maganin da zai kwantar masa, wannan ba mutuwa ba ce, sakaci ne. A ɗauko gawa daga asibiti a bayan a-kori-kura tare da buhunan hatsi, wannan ma sakaci ne. A cinye gadon maraya a zaman makoki, wannan zalunci ne tsantsa. Duk wanda ya tattara waɗannan ya jingina su ga ƙaddara, to ya yi wa Allah ƙarya, wal'iyazu billahi.

ZANGO NA FARKO: WANDA AKA CE A KOMA DA SHI GIDA

Malam ya raba maganar zango uku. Zango na farko shi ne kwanakin da ke tsakanin ranar da likita ya ce babu sauran abin yi, da ranar da rai ya yi halinsa. Ya ce kowa a nan ya taɓa jin kalmar nan ta "ku koma gida ku ci gaba da addu'a." Mai ciwon daji ne, ko mai ciwon hanta, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko mai ciwon ƙodar nan da ya yi ƙamari a yankin Haɗeja da Gashuwa. An sayar da shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, an jinginar da gona, an je Dutse, an je Kano, wani har Zariya. Kuɗi ya ƙare, ciwo bai ƙare ba. Sai a dawo da shi ɗaki a shimfiɗe, a bar mata da 'ya'ya mata da juya shi da wanke shi, babu wanda ya koya masu yadda ake yi, har gyambon kwanciya ya fito masa a baya.

Ya ce addu'a makamin mumini ce, babu mai raina ta. Amma cewa babu sauran abin yi ba daidai ba ne. Abin da ya ƙare shi ne neman warkewa. Sauƙaƙa raɗaɗi bai ƙare ba, kuma fanni ne guda a ilmin likitanci mai zaman kansa. Aikinsa shi ne kwantar da ciwo, gyara numfashi, tsaftace gyambo, koya wa masu jinya yadda za su riƙe majinyaci, da faɗa wa iyali gaskiyar halin da ake ciki cikin hikima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 56 da dubu 800 ne ke bukatar irin wannan kulawa a duk shekara, amma kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samun ta. A shekarar 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri cewa kowace ƙasa ta shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarta tun daga matakin farko. Nijeriya na cikin wannan hukuma. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan aiki a 2007, kuma a 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kansa. Malam ya ce to takarda dai ga ta nan an rubuta. Tambayar ita ce, yaushe za ta sauko daga Abuja ta iso ɗakin tsohuwar da ke nishi a Ɗanzomo?

Ya jawo hankalin 'yan uwa cewa wannan magana ta shafi addini kai tsaye. Wanda ciwo ya gigita, da ƙyar yake iya sallah, da ƙyar yake iya wasiyya, da ƙyar yake tuna bashin da ke kansa balle ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa. Wanda aka kwantar wa da raɗaɗi kuwa, yana samun sararin yin duk waɗannan cikin hayyacinsa, har a laƙƙana masa kalmar shahada yana ji yana amsawa. Saboda haka neman maganin raɗaɗi ba rashin tawakkali ba ne.

TALAUCI BA HUJJA BA NE

Malam ya ce ya san abin da mahukunta za su ce, wai wannan aikin ƙasashen Turai ne masu kuɗi. Don haka ba zai kawo misali daga Ingila ko Amurka ba, zai kawo daga wurare biyu da talaka ya yi yawa kamar nan.

Na farko ita ce ƙasar Uganda. A 1993 wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Nijeriya, ta kafa cibiyar kula da masu jinyar ajali a Kampala. Maganin da suka dogara da shi shi ne mofin, wanda ake kawowa a gari, a dama da ruwa a zuba a kwalba, majinyaci ya sha a gidansa. Yana da araha ƙwarai. Da gwamnatin ƙasar ta ga likitoci ba za su isa ƙauyuka ba, sai a 2004 ta gyara doka ta ba ma'aikatan jinya da aka yi wa horo na musamman izinin rubuta wannan magani. Majinyaci ba ya biyan ko kwabo a kansa.

Ya ce ya san fargabar da ke zukatan iyaye a kan ƙwaya, ganin irin ɓarnar da tiramadol da maganin tari mai kodin suka yi wa matasan Arewa, har gwamnati ta hana irin wannan maganin tarin a 2018. Fargabar tana kan hanya. Amma maganin ɓarawo shi ne kwaɗo da mai gadi, ba a rushe rumbu saboda shi. Abin da ake so shi ne magani ya zauna a hannun ma'aikacin da aka horar, a kulle, a rubuta duk abin da ya fita da sunan wanda aka ba. Ba adalci ba ne a bar mai ciwon daji yana birgima saboda laifin 'yan shaye-shaye.

Misali na biyu shi ne jihar Kerala ta ƙasar Indiya. A gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa, wajejen 2001 mutanen unguwanni suka haɗa kansu, ɗalibai da 'yan kasuwa da malaman makaranta, suka karɓi horo na 'yan kwanaki, suka riƙa bin gidajen majinyatan da ke kwance tare da ma'aikacin jinya. Kuɗin aikin daga ƙananan gudummawar jama'a yake fitowa. Da abin ya bunƙasa, a 2008 gwamnatin jihar ta mai da shi manufa, ta ɗora wa ƙananan hukumomi aikin ziyarar gidaje. Malam ya ce 'yan uwa su lura da jerin, jama'a suka fara, hukuma ta biyo baya da doka da albashi. Ba su zauna jiran hukuma ba, kuma ba su sauke wa hukuma nauyinta ba.

Ya ce hanyar yin haka a nan ba sai an ƙirƙiro ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na haɗaɗɗen asusun kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibitinta mai aiki. Ita ma Jigawa ta taɓa gwada kusantar da harkar lafiya ga jama'a da tsarin Gunduma na 2007, ta kuma san amfanin shirin Haihuwa Lafiya na ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti. Jihar da ta iya shirya mota don mai shigowa duniya, ba za ta kasa shirya babur da jakar magani don mai barin ta ba.

ZANGO NA BIYU: MAKARA DA MAƘABARTA

Daga nan Malam ya shiga zango na biyu. Ya tunatar da cewa wanka, likkafani, sallah da binnewa farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa kuɗin likkafani da haƙa daga dukiyar mamaci suke fita tun kafin a biya bashi, idan kuwa bai bar komai ba kuma babu mai ɗaukar nauyinsa, to yana kan baitulmali, idan babu sai ya koma kan jama'ar Musulmi. Ke nan tun asali shari'a ta sa hannun hukuma a cikin jana'izar talaka.

Ya ce ko a ma'aunin tsarin mulkin 1999 da su mahukuntan suke rantsuwar karewa, maganar a fili take. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai samar da maƙabartu da kula da su, da gidajen gajiyayyu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Saboda haka idan ciyaman ya kewaye maƙabarta, ba alfarma ya yi ba, ba kuma abin a yi masa kiɗa ba ne, aikin da ake biyan sa dominsa ne ya yi. Kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk ciyaman ɗin da ya ce kuɗi ba ya iso masa, to sai ya fito ya gaya wa jama'a inda ya maƙale.

Malam ya ce kowa ya koma garinsu ya duba maƙabartarsu da idon basira. Tana da katanga ko dabbobi ke kiwo a kan iyayenmu? An shata iyakarta a rubuce, ko kowace damina garma tana cin taku biyu? Akwai ruwa kusa don kwaɓa ƙasa? Akwai fitila idan jana'iza ta kama dare? Zaizayar ruwa tana buɗe kaburbura? Nan da shekara ashirin ina za a binne mutane idan ta cika, an ware fili tun yanzu kafin 'yan fuloti su rigaye? Dattawan da ke haƙa, waɗanda wasunsu sun fi shekara talatin suna yi don Allah, waye ke saya masu diga da shebur, kuma waye zai gaje su? A wannan yanki namu na bakin hamada, itacen rufe kabari ma kansa abin tunani ne, domin kullum bishiya raguwa take yi. Me zai hana a dasa itatuwa a gefen kowace maƙabarta, su zama shinge, su zama inuwa, su zama itacen rufi?

RANAR MAJIYA DA WATAN KANO

Don nuna muhimmancin tanadi, Malam ya kawo abubuwa biyu da ba a manta ba. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, maƙwabtanmu. Washegari aka yi jana'izar bai-ɗaya ta mutum sama da 100, daga baya kuma adadin ya haura 200, da yawansu matasa. An kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano. Ya ce Allah Ya jiƙansu, amma kowane gari ya tambayi kansa, da a ƙofarsa abin ya faru, ina likkafani, ina masu haƙa, ina motar ɗauka, ina maganin raɗaɗin ƙuna? Sannan bayan manyan baƙi sun yi ta'aziyya sun hau motocinsu, waye yake komawa bayan shekara ya duba matan da aka bari da goyo?

Na biyu shi ne mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona. Ya ce abin lura shi ne, masu haƙar kabari ne suka fara sanar da duniya cewa gawawwaki sun yi yawa, ba ofishin rajista ba. Sai daga baya aka bi gida-gida ana tambayar iyalai, har Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na birnin, kuma fiye da rabinsu a gida suka rasu. Alhali tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke riƙe da aikin. Malam ya ce hukumar da ba ta san mutum nawa suka mutu ba, ba ta kuma san abin da ya kashe su ba, da me za ta yi lissafin magani? Mu kuma da ke ganin takardar shaidar mutuwa aikin 'yan boko ce, ranar da marayu suka je neman fanshon ubansu ko kuɗinsa na banki, a ranar ake sanin darajarta.

ZANGO NA UKU: BAYAN AN NAƊE TABARMI

Zango na uku, in ji Malam, shi ne wanda aka fi mantawa. Kwana uku gida cike, kwana na huɗu an naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Matar mamaci ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, mai fita nema ya tafi, rumbu ya riga ya tafi a jinya. Ya tunatar da cewa lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, umarnin da Manzon Allah (S) ya bayar shi ne a dafa abinci a kai wa iyalansa. Mu kuwa mun juya abin, gidan mutuwa ne ke ciyar da gari. Ya ce ba zai shiga saɓanin malamai a kan sadakar uku da bakwai da arba'in ba, amma akwai inda babu saɓani, dukiyar maraya ba ta halatta a ɗora ta a murhu don baƙi.

Haka batun gado. Mace tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Amma sau nawa ake barin gona shekara goma a hannun baffa da sunan riƙo, har marayu su girma su tarar an sayar? Jigawa tana aiki da shari'a tun shekarar 2000, akwai kotunan shari'a, akwai kwamitocin zakka a masarautu. Abin da ake bukata shi ne haɗa igiyar, mai unguwa ya rubuta rasuwa da adadin marayu, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi da ƙaramar hukuma, sunan gidan ya isa ga kwamitin zakka kafin takaba ta ƙare. A 2007 gwamnatin jihar ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 a wata, wanda ya nuna cewa idan an ga dama ana iya rubuta sunan mai rauni a kai masa haƙƙinsa.

ABIN DA ZA A NEMA, DA ABIN DA ZA A YI

A ƙarshe Malam ya ce ba a tara matasa don a yi kuka a watse ba. Ya lissafa abubuwa biyar da kowace mazaɓa za ta rubuta a takarda, dattawa da limamai su sa hannu, a kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisa tun kafin a kammala kasafin kuɗi. Na ɗaya, a horar da aƙalla ma'aikacin lafiya ɗaya a kowace mazaɓa kan sauƙaƙa raɗaɗi, a ware masa rana guda a mako ta zagayen gidaje. Na biyu, a ajiye maganin raɗaɗi mai ƙarfi a babban asibitin Gumel bisa ƙa'ida, don kada sai an je Kano. Na uku, a shata kowace maƙabarta, a kewaye ta, a kai mata ruwa, a sa masu haƙa cikin lissafin alawus. Na huɗu, motar ɗaukar gawa a kowace ƙaramar hukuma, da lambar da kowa ya sani. Na biyar, littafin rajistar mutuwa a hannun kowane mai unguwa. Ya ce a je da ladabi, a ajiye kwafi, a koma bayan wata uku a tambayi inda aka kwana. Ba roƙo ake yi ba, tuni ake yi.

Su kuma 'yan uwa, ya ce akwai nasu kason da ba ya jiran sa hannun kowa. Kowane masallaci ya fitar da matasa biyar su zauna gaban dattawa su koyi wankan gawa da haƙar kabari, 'yan uwa mata su ma su koyi nasu a Islamiyya. A buɗe asusun likkafani da amintattu biyu za su riƙe, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. A san gidajen da ke da majinyaci a kwance, a je da izinin masu gida, a ɗebo ruwa, a juya dattijo, a karɓi mai jinya ta sami barci, kuma abin da ido ya gani a ɗaki kada baki ya kai shi majalisa. Idan damina ta faɗi, a fara gayya da gonar marayu.

Ya ce saurayi yana ganin wannan maganar tsofaffi ce, amma ya tuna da Majiya, ya kuma tuna cewa hannun da ya koyi wanka yau, shi ne zai wanke mahaifinsa gobe ba tare da an je neman wani a ƙauyen gaba ba.

Malam ya rufe da addu'ar Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan magabata, Ya raya marayu, Ya shiryi masu riƙe da amanar jama'a, Ya sa mu cika da imani. Aka shafa, sannan aka shiga tambayoyi har zuwa kiran sallar Magariba.